Laujen Hamisu

A Ƙanƙara Malam Mai Ƙashi ake ce mini, kuma ba don yabo ba ne. Akwai masu jan tabarmarsu su matsa idan na zauna a wurin ɗaurin aure. Ban taɓa jin haushinsu ba. Wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ƙasashen mutane yana jera ƙasusuwan matattu a kan tebur, ya dawo gida yana koya wa yara karanta ɗigon jini, ba zai rasa masu ƙyamarsa ba.

Ƙanena Hamisu ne kaɗai ya mayar da abin wasa. Fataucin hatsi yake yi, yana bin kasuwanni daga Pauwa har Sabuwa. Damina biyu ke nan da 'yan bindiga suka tare motarsa tsakanin Sabuwa da Faskari, suka shige daji da shi da wasu. Ba a ga gawa ba, ba a kuma ji muryarsa ba. Tun ranar matarsa Rabi take zaune a tsakiya, ba miji, ba takaba. Gonarsa ba ta rabuwa, don ba a rabon gadon wanda ba a tabbatar da mutuwarsa ba. Duk marar tsoron Allah da ya sami lambarta sai ya bugo ya ce Hamisu na hannunsa. Ta sayar da akuya ta aika, sai shiru.

Rabi ba ta yi mini magana kai tsaye, ni ne wan mijinta. Ranar da labari ya zo cewa manoma sun tsinci ƙasusuwa a wata gona a ƙasar Sabuwa, sai ga ta a ƙofar zaurena. Ta durƙusa ta ba ni gefe, tana magana da bango.

“A ce ma Yaya Malam, wanga ilimi da ya kwaso a ƙasar Larabawa da ta Turawa, in bai yi ma ƙanenshi amfani ba, wa zai yi mawa?”

Na ce, “Na ji, Maman Nasiru.”

“A ce mashi ko mi ya gani ya faɗa mani. Na gaji da jin ƙila.”

Ilimin nan ba kwaso shi na yi ba. Tsintarsa na yi a kan hanyar da ban yi niyyar bi ba.

Zangona na farko Khartum. Likitanci na je karantawa, da takarda mai hatimi da wani dillali ya ba ni a Kano. Magatakardan makarantar ya juya ta gaba da baya, ya kira abokin aikinsa suka duba tare, sannan ya ce mini cikin tausayi ba ni ne farkon wanda ya kawo irinta ba. Na fito na tsaya a bakin titi da akwatina. Komawa gida ba ta yiwu, don an riga an fara kiran mahaifiyata uwar likita.

Na sami wurin kwana a unguwar Hausawan da kakanninsu suka yada zango a can kan hanyar Makka, ba su ƙarasa ba, ba su kuma dawo ba. Hausarsu ta tsufa a bakinsu, suna faɗin kalmomin da a wurin kakata kaɗai na taɓa ji. Dako na yi a kasuwa. Akwai wata mai shayi a gindin bishiya da ta riƙa miƙo mini kofi da gurasa kullum da safe, ba ta taɓa tambayata ko zan biya ba. Ita ta koya mini Larabcin titi, wanda ya yi nesa da wanda na karanta a zauren malaminmu. In na yi mata irin na littafi sai ta ce, “Ya Shehu, shayi kake so ko huɗuba za ka yi?”

Daga nan Alƙahira, a jirgin ƙasa da na ruwa, a kan buhunan mutane. Birnin ba ya barci kuma ba ya duban baƙo, sai dai yaran unguwa da ke bin bayana suna kiran launin fatata. Na sami aikin goge-goge a wata makarantar likitoci, a sashen da ake koyar da ƙasusuwa. Mai sashen wata gajeruwar tsohuwa ce, Dakta Fauziyya, mai shan taba kamar direban tirela. Ɗalibai take koyarwa da safe, 'yan sanda da yamma. Ni kuwa na riƙa jan tsummana a hankali a bakin ƙofa don in ji abin da take cewa. Wata rana ta tsaya a tsakiyar magana ta ce, “Kai ɗan Najeriya, wannan wurin ka goge shi har ya kusa hujewa. Ajiye tsumman ka zauna.”

A wurinta na koyi cewa ƙugun mace ya fi na namiji faɗi, cewa ƙashin cinya yana faɗin tsawon mai shi, cewa haƙora suna faɗin shekaru. Takan tsoma tsinke a jinin rago ta ɗiga a farar takarda. Ɗigon da ya faɗo daga wanda ke tsaye kewayayye ne kamar kwabo. Na mai tafiya yana da 'yar wutsiya, wutsiyar kuma tana nuna inda ya nufa. Ƙa'idarta ɗaya ce, kuma takan buga tebur in za ta faɗa: kada ka sa wa ƙashi magana a baki, abin da bai faɗa ba ka ce ban sani ba.

Rannan ta miƙo mini wani ƙashin hannu mai ƙulu a tsakiya, ta ce tsohuwar karaya ce, ƙashi ba ya mantuwa. Sai na ga Hamisu. Yana yaro ya faɗo daga kan ɗorawa a Pauwa, sangalin hannunsa na hagu ya karye, duka ƙasusuwan biyu. Mai ɗori ya ɗaure da kara ya ce a zauna. Hamisu ba mai zama ba ne, ya kwance ɗorin ya tafi wanka rafi, hannun ya warke a tanƙware. Na ajiye ƙashin na fita waje. Dakta Fauziyya ba ta tambaye ni ba, sai da na dawo na tarar da shayi a wurin zamana.

A lokacin kaset ake aikowa ta hannun matafiya. Na gida ya zo da muryar kowa a ciki, Hamisu ne na ƙarshe. “Yaya, an ce Fir'auna kake wankewa. In ka gama ka zo ka miƙe mani wanga hannu, 'yammata na cewa lauje na ɗauko.” Na saurari kaset ɗin har zarensa ya saki, muryar Hamisu ta koma ta tsoho.

Zango na uku wata ƙasa ce mai duwatsu a Turai, bayan an gama yaƙi a cikinta. Dakta Fauziyya ce ta sa sunana cikin masu tonon manyan ramukan da aka zuba mutane. Wanda ya ɗauke mu aiki ya rubuta ni a matsayin lebura, alhali a kan tebur nake aiki tare da likitoci, haka kuma ya riƙa biyana har muka rabu. Ban yi faɗa ba, sanyi ya cinye mini ƙarfin faɗa. A can na tsinci Faransanci a bakin abokan aiki, da kaɗan daga harshen 'yan ƙasar, daidai na gaisuwa da na ta'aziyya.

Matan garin sukan zo su tsaya a bayan igiya da hotuna a hannu. Musulmi ne, farare fat. Wata tsohuwa mai ɗankwali takan kawo mana gahawa a ƙananan kofuna. Ranar da ta gan ni ina salla a bayan tanti sai ta zo ta shafa kumatuna tana magana, aka fassara mini wai ba ta san Allah yana da mutane har a inda rana ta ƙona haka ba. Ɗanta take nema. Muka sami rabinsa a rami ɗaya, aka ce mata ta ɗauka ta binne. Ta ce a'a, cikakke ta haife shi, za ta jira. Har na bar ƙasar tana jira.

Na yi ta auna su da mu. Su suna iya jiran shekaru don su binne mutum da sunansa. Mu kuwa mutuncin mamaci a wurinmu shi ne gaggawa, a wanke, a suturta, a rufe kafin rana ta faɗi. A raina na ce kowa da nasa, mu dai ba za mu taɓa bukatar irin wannan aiki ba. A Ƙanƙarar da na bari, babban tashin hankali shi ne a ce an sace wa wani sa.

Na dawo da furfura. Na sami koyarwa a wata makarantar koyon aikin lafiya. Nakan karɓo jini a mahauta in shimfiɗa takardar siminti, yara su ɗiga suna tsaye, su ɗiga suna tafiya, su ɗiga suna gudu, sannan su musanya takardu kowa ya faɗi abin da ɗan'uwansa ya yi. Muna da ƙwarangwal na roba da suka sa wa suna Baba Tsoho, suna sa masa hula ranar Juma'a. Suna koyo, ba laifi. Iyayensu ne ba sa koyo. Na zagaya wurin masu unguwanni ina roƙo, in abu ya faru kada a wanke, kada a taɓa, a kira ni. Kowa ya ce to Malam, in na juya baya a ɗauko bokiti.

Duk wannan na tuna a cikin motar da ta ɗauke ni daga Ƙanƙara washegarin zuwan Rabi. A Faskari muka tsaya jiran 'yan sa-kai da za su raka mu, kusa da inda aka jawo motar Hamisu aka ajiye wancan karon. Lokacin da abin ya faru na iso na tarar an wanke ta tas da omo, har kujeru. Wanda ya wanke ya tare ni yana jiran godiya. “Jinin musulmi ne Malam, ƙudaje ke ta bi.” Na ce Allah ya saka. Da na je inda aka tare su, na sami 'yan ɗigo a kan duwatsun gefen hanya, wutsiyoyinsu duk sun nufi daji. Na gaya wa Rabi cewa wani mai rauni ya bar wurin da ƙafarsa. Iyakar abin da jinin ya faɗa ke nan. Ita kuwa wannan 'yar maganar ta riƙe damina biyu.

Daga Faskari a kan babura muka tafi. Na bi hanyoyi marasa kyau a ƙasashe da yawa, amma ban taɓa bin wadda ta gajiyar da ni kamar wannan ba, don a can baƙo nake, ba ruwana da sunan kowane kango. A nan kuwa na san ƙauyen da muka wuce babu hayaƙi, na taɓa cin tuwon biki a cikinsa. Gonakin masara sun koma sabara. Mai goya ni idonsa na kan bishiyoyi.

Bayan azahar muka isa ƙauyen, can gefen Sabuwa. A zauren maigari na tarar da likkafani huɗu a jere a kan tabarma, farare, an ɗaure su tsaf, ana ƙona turare. Limamin garin, dattijo siriri mai sanyin murya, ya yi mini bayani.

“Ƙoƙon kai huɗu muka samu, sai muka yanka likkafani huɗu. Sauran ƙasusuwan ruwa da namun daji sun watsa su ko'ina cikin gona. Muka bi muka tsince, muka wanke, muka raba masu daidai wa daida, kada a ƙwari wani.”

“Raba su kuka yi, Allah gafarta Malam?”

“Kowa da rabonshi. Manya da manya, ƙanana da ƙanana.”

Na nemi wuri na zauna. A Turai motocin tono ne suka cakuɗa mutane don a ɓoye laifi. A nan adalci ne ya cakuɗa su. Na rasa wanda zan yi wa fushi.

Na ce ina roƙon a kwance. Liman ya ce, “Malam, abin da aka ɗaure ba a kwance shi. Kuma ka sani gawa ba ta kwana.”

“Allah gafarta Malam, waɗannan damina biyu suka kwana a waje.”

Wani tsoho a bakin ƙofa ya fara dariya ya haɗiye ta. Na ce akwai mace a Ƙanƙara da ba ta san ko matar aure ce ko mai takaba ba, kuma na tabbata sauran ukun ma akwai masu zaman jiransu a wani wuri. Liman ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, “Daga nan zuwa la'asar. In an kira salla za mu ɗauka, ko ka gama ko ba ka gama ba. Kuma ka yi alwala tukuna.”

Na yi alwala. Aka ƙaro tabarmi, aka kori yara. Na durƙusa da gwiwoyin da suka daina son durƙuso, na fara jerawa kamar yadda na saba, kai a sama, ƙugu a tsakiya, dama a dama, hagu a hagu. Likkafani na farko ƙasusuwan cinyar dama biyu ne a ciki, babu ta hagu. Na ɗaga wani ƙugu na ce wannan mace ce. Liman ya yi salati a hankali, don a zatonsu duka maza ne, kuma da haka za su yi niyyar salla. Ya matso ya tsuguna kusa da ni, daga nan shi ya riƙa miƙo mini ina ajiyewa.

A likkafani na uku na same shi. Ƙasusuwa biyu na sangalin hagu, kowanne da ƙulu a wuri ɗaya, sun tanƙware tare. Tsohuwar karaya ce ta yarinta, ta daɗe da warkewa. Na ji muryar Dakta Fauziyya tana buga tebur, sai na hana kaina gaggawa. Masu ɗori sun yi yawa a ƙasar nan, yaran da ba sa zama ma haka. Na ɗauko ƙashin dantse daga likkafani na farko na gwada a gwiwar hannu, ya zauna daram. Na auna cinyar da ta dace da shi, tsawon ya yi daidai da na Hamisu. Sannan na bi ƙoƙon kan ɗaya bayan ɗaya. Hamisu ya sa haƙorin Makka a sama ta dama shekarar da ya sauke farali. A ƙoƙo na biyu zinaren babu, an cire, amma haƙorin da aka goge don a sa shi yana nan, siriri, a wurinsa.

Liman ya dubi fuskata ya ce, “Naka ne?”

“Ƙanena ne.”

“Allah ya jiƙanshi. Ci gaba, Malam, rana na tafiya.”

Na ci gaba. Na haɗa manyan ƙasusuwan kowa da kansa gwargwadon abin da suka faɗa. Na gaya wa maigari siffar sauran ukun don a yi cigiya a kasuwanni: mace da ba ta wuce ƙuruciya ba, dattijo marar haƙoran gaba, da wani dogon saurayi. Saura haƙarƙari da 'yan yatsu da ƙananan ƙasusuwan baya, tuli guda. Liman ya ce, “Waɗannan fa?”

Na dube su. Da a Alƙahira ne, da akwai injuna da watanni. Na ce, “Ban sani ba. A bar su a kan rabon da kuka yi.”

Aka kira la'asar. Muka sallace su, aka rufe su a jere a maƙabartar garin. Na kafa fasasshiyar tukunya a kan nasa. Matar maigari ta aiko mini da fura, na sha don kada a ce na ƙi.

Washegari da hantsi na isa Ƙanƙara. Na aika aka kira limamin unguwarmu don ya zama shaida. Rabi ta zo ta durƙusa a inda ta durƙusa rannan. Na ce, “Maman Nasiru, sai haƙuri. Hamisu ya rasu. Na gan shi, na sallace shi.”

Sai ta juyo ta dube ni ido da ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidanmu.

“Duka ka same shi, Yaya?”

“Kanshi da hannuwanshi da ƙafafunshi. Haƙarƙarin ban sani ba.”

“Laujen fa?”

“Da shi na gane shi.”

Ta yi wani ɗan sauti, ban san ko dariya ba ce. Liman ya tambaye ni ko ƙashin ya nuna tsawon lokacin da aka yi da rasuwar. Na ce ranar ban sani ba, amma ta haura shekara nesa ba kusa ba. Ya gyara zama ya ce to ai idda daga ranar mutuwa ake lissafa ta, ba daga ranar jin labari ba, saboda haka wata huɗu da kwana goma sun daɗe da wucewa, babu takaba a kanta, Allah ya sauƙaƙa mata.

Rabi ta sa hannu ta cire 'yan kunnenta, ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye a bakin tabarmata.

“Wannan ku da ƙashi kuka san shi, Malam. Ni yau ya mutu.”

Ta tashi ta shiga gida. Jim kaɗan muka ji kukan mata ya tashi daga ciki. Kafin azahar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mutane sun fara zuwa gaisuwa. Na fito na zauna a cikinsu, ba wanda ya matsa.